Tambaya: shiga shataletale, karya hagu a mahaɗa da wuce babbar mota, yaya ake yi?

Mai Koyo, Hotoro

Assalamu alaikum. Don Allah masana tuƙi a taimaka min. Wata ɗaya ke nan ina koyon mota mai giyar hannu, a fili komai lafiya lau, har ribas na iya. Titi ne matsalar. Na farko shataletale: wa ke da hanya, ni mai shiga ko wanda yake ciki? Abin da aka koya min daban, abin da nake gani a titin Maiduguri da ke nan Kano daban. Na biyu, in zan karya hagu a mahaɗa sai mota ta mutu, na baya su cika ni da oda, ni kuma in ƙara rikicewa. Na uku, mai koya min ya ce kada in kuskura in wuce tirela, amma bai faɗa min yadda ake yi ba in lokacin ya zo. Na gode.

Malamin Tuƙi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in ɗauki shataletalen.

Wanda yake ciki shi ke da hanya, babu wata ƙa'ida bayan wannan. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka ana zagaya shataletale ne tsibirin tsakiya yana hagunki, kuma duk motar da za ta iya samunki daga hagu za ta ɓullo. Cusa kan da kike gani, inda mai shigowa yake tilasta wa na ciki taka birki, shi ke ƙulle shataletale gaba ɗaya, domin da na ciki sun tsaya babu mai fita, babu mai shiga. Kada ki ɗauki wannan a matsayin darasi.

Aikin yana farawa tun da sauran kamar mita 50, wato rabin filin ƙwallo. Ki dubi madubin ciki da na gefe, ki sa sigina, ki kama layinki, sannan ki rage gudu da birki ki sauko giya biyu. Ki iso bakin shataletalen da gudun kilomita 15 zuwa 20 a awa. A wannan gudun kina da zaɓi biyu a hannu: in akwai sarari ki wuce a giya biyun, in babu ki tsaya cak ba tare da kin firgita kowa ba. Masu koyo da yawa suna isowa a giya uku ko huɗu, sai ya zama duba hagu, taka birki, taka kuloci da canza giya duk sun haɗu a daƙiƙa ɗaya. Nan ake rikicewa.

Batun layi kuwa, in hanyar farko za ki fita, wato dama, ki riƙe layin dama da siginar dama tun daga nesa. In miƙewa za ki yi, layin dama ya fi miki sauƙi, ba sigina a shiga, sai kin gota hanyar da ke kafin taki ki kunna ta dama. In hagu za ki ko komawa inda kika fito, ki shiga ta layin hagu da siginar hagu, ki bi kusa da tsibirin, da kin gota hanyar da ke kafin taki ki mayar da sigina dama, ki dubi madubin dama, ki waiwaya ta kafaɗa, sannan ki fara fitowa. Waiwayen nan dole ne a Kano, saboda ɗan sahu yakan maƙale a daidai ƙofar baya ta dama, inda madubi ba ya nuna shi. In kin ga ya rufe miki hanya, kada ki yanke shi kuma kada ki tsaya a tsakiya. Ki sake zagayowa. Zagaye ɗaya bai kai rabin minti ba.

Wajen gane sarari, kada ki dogara da siginar mutum, da yawa ba sa kunnawa, wasu kuma sun manta ta a kunne tun daga Tarauni. Tayoyin gabansa za ki kalla. In sun miƙe sun nufi fita ta hanyar da kike, zai fita, kuma ya buɗe miki ƙofa. In suna nan a karye, zagayowa zai yi ta gabanki.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe da kyau: karon da ake yawan yi a bakin shataletale shi ne dukan motar gaba ta baya. Mutum yana kallon hagu, ya ga sarari, ya taka totur, ashe na gabansa bai motsa ba. In akwai mota a gabanki, ita za ki kalla har sai ta tafi, sannan ki juya hagu.

Bakanike, Ƙofar Ruwa

Hajiya, mutuwar mota a mahaɗa abu uku ke kawo ta: ko kin manta ta a giya biyu ko uku bayan kin tsaya, ko kin saki kuloci gaba ɗaya lokaci guda, ko ba ki ba ta wuta ba. Na farkon ya fi yawa. Ki mayar da shi ɗabi'a, da kin tsaya hannunki ya kai giya ɗaya, tun kafin ki fara duba hanya.

Ga yadda ake tashi. Kuloci a ƙasa, giya ɗaya. Ki ɗaga ƙafar hagu a hankali har ki ji muryar injin ta ɗan sauka, jikin motar ya ɗan yi rawa. Nan ne wurin kamawa. Ki riƙe ƙafar a nan, ki ba ta totur kaɗan, allurar injin ta kai wajen 1,500, ki bar motar ta yi tafiyar tsawonta ɗaya ko biyu kafin ki ƙarasa sakin kulocin. Dunduniyarki ta zauna a ƙasa, da ita ake samun saiti. Takalmi mai tsini ko silifas mai santsi yana ɓata wannan aikin.

In kuma ta mutu, ba abin tashin hankali ba ne: birki, kuloci, giya ɗaya, murɗa makulli. Daƙiƙa biyar ne. Masu oda su yi ta yi, odar ba ta san abin da ke gabanki ba.

A wurin hawa, kamar gosulo ya kama ki a kan gadar Ƙofar Nassarawa, ki ja birkin hannu, ki nemo wurin kamawa, sai kin ji motar tana son tafiya ki sauke shi. Kada ki riƙe mota a hawa da rabin kuloci na tsawon lokaci, farantin kulocin ne yake ƙonewa, za ki ji wani ƙauri kamar na roba. In kina yin komai daidai amma har yanzu tana mutuwa, musamman in an kunna sanyi, a duba silo ɗinta, wato juyin injin in mota tana tsaye. Injin da ya yi ɗumi yakan zauna tsakanin 700 da 900, in ya yi ƙasa da haka laifin na mota ne.

Sai karya hagun kansa. Lokacin da kika tsaya kina jiran masu tahowa su wuce, ki bar tayoyinki a miƙe, kada ki karya sitiyari tukuna. Dalili shi ne in wani ya doke ki ta baya, motar za ta tafi gaba ne kawai. In tayoyin a karye suke, cikin masu tahowa za a tura ki. Kuma in mai tahowa ya haska miki fitila, kada ki ɗauka ya ba ki hanya. A titunanmu galibi ma'anarta ita ce "ga ni nan, kada ki shigo". Sai kin ga gudunsa ya ragu da idonki.

A danja, kore ya ba ki izini amma ki dubi hagu da dama kafin ki motsa, don akwai mai ƙoƙarin tsallake ja a daƙiƙar ƙarshe. Ruwan ɗorawa ma'anarsa ki tsaya, sai dai in kin riga kin kai layi. In jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano, ko ɗan sanda yana ba da hannu, hannunsa ake bi ko da danjar ta nuna wani abu daban. Kuma kada ki shiga tsakiyar mahaɗa in ɗaya gefen a cushe yake, za ki maƙale a nan har danjar ta juya a kanki.

Tsohon Direban Tirela

'Yata, mai koya miki ya yi gaskiya, amma gara ki san dalili, domin wanda ya san lissafin ba ya gigin yin ganganci.

Tirela da kanta da bodinta takan kai mita 16 zuwa 18. A ce tana tafiya a 60, ke kina 80. Bambancinku 20 ne kacal, wato kina cin mata kamar mita biyar da rabi a kowace daƙiƙa. Kafin ki taso daga bayanta, ki wuce tsawonta, ki ba da tazara ki koma hannunki, sai kin ci kusan mita 60, wato daƙiƙa 11 kina kan hannun masu tahowa. A daƙiƙa 11 ɗin nan motarki ta shafe kusan mita 250, mai tahowa ma ya shafe kamar haka ko fiye. Ke nan sai kin ga titi fayau na rabin kilomita kafin ki fito. In ba ki ga haka ba, ki zauna a bayanta.

Kuma kada ki manne mata. Wanda ya manne wa tirela ba ya ganin komai sai bodi, direban ma ba ya ganinsa. In ba kya ganin madubinsa na gefe, shi ma ba ya ganinki. Ki ja baya, ki zaɓi wani turke ko bishiya, in ta gota shi ki ƙirga daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ki iso. Da ruwan sama ko hazo ki ninka. Daga wannan tazarar ne za ki iya leƙa gaba ba tare da kin fitar da rabin mota ba.

In hanya ta buɗe: madubi, waiwaye ta hagu ko wani ya riga ki fitowa, siginar hagu, ki sauko giya ɗaya ƙasa don motar ta samu ƙarfi, ki yi oda sau ɗaya, ki wuce ba tare da jinkiri ba. Kada ki koma hannunki sai kin ga gaban tirelar gaba ɗaya a madubin ciki. Mota mai kaya tan talatin ba ta tsayawa kamar ƙaramar mota, in kika faɗo mata a hanci kika taka birki, babu abin da direban zai iya yi. In kin fito kika ga lissafi ya ɓaci, ki taka birki ki koma baya, ba abin kunya ba ne.

Ba a wuce mota a kwana, ko a hawan da ba a ganin bayansa, ko kan gada, ko kusa da mahaɗa, ko gaban gidan mai, makaranta da kasuwa, ko inda farin layin tsakiya bai yanke ba. Kada ki bi bayan wani mai wucewa, shi ya auna wa kansa ne, bai auna miki ba. Siginar da direban babbar mota yake kunnawa ma kada ki ɗauke ta izini, wani yana nufin ki wuce, wani yana nufin zai karya.

Abin da ya fi damuna shi ne cikin gari, wajen Dawanau, Sharaɗa da Bompai inda manyan motoci suke da yawa. Tirela in za ta karya dama sai ta fara buɗewa hagu, sai a ga fili ya buɗe a damanta, sai ƙaramar mota ko ɗan sahu ya faɗa ciki. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ta ciki suke yankowa, kuma wannan filin shi za su rufe. A shataletale ma haka ne, takan ci layi biyu. Kada ki jera da ita a kwana ko kaɗan, ki bari ta gama juyawa.

Mai Koyo, Hotoro

Allah ya saka da alheri, Baba, lissafin nan ya shige ni. Malam, saura tambaya ɗaya: in shataletalen babu zanen layi a ƙasa, ko ya goge, yaya zan gane layina?

Malamin Tuƙi

Ki raba faɗin titin biyu a ranki. Mai fita dama ko miƙewa ya bar kamar mita ɗaya tsakaninsa da bakin titi na waje, mai zuwa hagu ya bar kamar haka tsakaninsa da tsibirin. Abin da ba a so shi ne ki shiga ta waje, ki yanko ta jikin tsibiri, ki sake fita ta waje don gajarta hanya, domin kin tsallaka layin wani sau biyu ke nan.

Ki kuma kula da abu uku da ba mu ambata ba. Ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da na ƙofa yana iya ɓoye mai babur ko mai tura baro ɗungurungum, don haka ki riƙa motsa kanki gaba da baya in kina duba mahaɗa. Sannan ko a titi mai hannu ɗaya ki dubi ɓangarorin biyu, saboda masu bin wan-we, wato masu tahowa ta hannun da aka hana. Ɗan sahu kuma da fasinja ya ɗaga hannu zai tsaya, ba sigina ba komai, don haka ki ba shi tazarar da za ki ba mota.

Gudun cikin gari kada ya wuce 50. Takardar izinin koyo ta kasance tare da ke, alamar L a gaba da bayan mota, da mai lasisi a gefenki. Ki fara da safiyar Lahadi wajen ƙarfe bakwai, a ƙaramin shataletale cikin Nassarawa, ki bi kowace hanyar fita sau biyar. Sai kin yi mako biyu mota ba ta mutu miki ba sannan ki gwada titin Zariya da yamma.