Wane wasan Golden Eaglets, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, kuka kalla da ba za ku manta ba?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Yaran yanzu in ka ce musu Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kallon mai ƙarya suke maka, don su abin da suka tarar shi ne ƙungiyar da ko gurbin zuwa gasar 2023 ba ta samu ba. Ina so duk wanda ya kalli ɗaya daga cikin wasannin nan ya faɗa mana inda yake a ranar da abin da ya gani. Nawa na 2007 ne. Safiyar Lahadi ce, gidan kallo a cike. Aka tashi ba ci da Sifaniya a Koriya ta Kudu, aka tafi bugun fenariti, 'yan Sifaniya suka ɓarar da ukun da suka buga. Ba a jima ba muka ji rasuwar koci Yemi Tella, ashe da ciwon daji a jikinsa ya kai yaran nan ga kofi. Har yau in na tuna yadda ya rame a bakin fili sai jikina ya yi sanyi.

Malam Na Zariya: Wa'alaikumus salam. Ku bari tsoho ya sa baki. A 1985 ina makarantar sakandare, kuma a unguwarmu talabijin ba ta kowa ba ce, don haka a tsakar gidan wani maƙwabci muka taru, manya a kan kujeru, mu a ƙasa. Lokacin gasar ta 'yan ƙasa da 16 ce, a ƙasar Sin, kuma ita ce ta farko. Jamus ta Yamma muka ci biyu da nema, Jonathan Akpoborie ya fara, Victor Igbinoba ya ƙarasa, Nduka Ugbade ya ɗaga kofi. Abin da nake so ku gane shi ne, kafin ranar ba mu taɓa ganin wata ƙasar Afirka ta ɗauki kofin duniya na FIFA ba, ko na yara ko na manya. Har dattawan da ke cewa ƙwallo aikin banza ne sun yi ta tambayar mu yadda aka yi. Shekara biyu bayan haka Tarayyar Sobiyet ta doke mu a fenariti a wasan ƙarshe a Kanada, amma wannan a rediyo na ji.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Irin wannan nake nema.

Ɗan Kurmi: Ni 2009 ce, da aka yi gasar a gida. An buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, na shiga filin Sani Abacha na kalli 'yan Sifaniya kusa da kusa, yara ƙanana amma ƙwallo ba ta barin ƙafarsu. A wasanmu na farko Jamus ta zura mana uku, mutane suka fara tashi daga gidan kallo, sai ga shi yaranmu sun farke duka ukun. Daga ranar na ce kofin nan ba zai bar ƙasar nan ba, shi ya sa na yi kuɗin mota na tafi Abuja wasan ƙarshe. Mun danne Suwizalan, mun yi ta kai hari, su kuwa Haris Seferovic ya sa kai ya ci ɗaya, shi ke nan. Filin nan mai cin mutum dubu sittin ya yi tsit. A motar dawowa ba wanda ya yi wa wani magana sai da muka wuce Kaduna.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne makomar yaran. Sani Emmanuel ne gwarzon gasar, ya tafi Lazio, daga nan labarinsa ya dushe. Su kuwa da muka kalla a ɓangaren abokan hamayya, Xhaka da Rodriguez da Seferovic, sun yi shekaru suna buga wa babbar ƙungiyar ƙasarsu. A wannan gasar ma Neymar ya zo da Brazil, ko rukuni ba su tsallake ba.

Maman Ummi: Ni ba mai bin ƙwallo ba ce, ƙannena ne suka sa ni. A 2013 wuta ta ɗauke ana dab da fara wasan ƙarshe da Meziko, suka haɗa kuɗi aka sayo mai aka tayar da janareta. Na zauna ne don na ji ana cewa kocin Manu Garba ne, kyaftin ɗin kuma Musa Muhammed. Da yaron nan ya buga bugun tazara ta shiga, ci na uku, har mahaifiyarmu sai da ta leƙo daga ɗaki. Ƙaramin ƙanena tun daga ranar ya ce shi ma sai ya buga wa Najeriya.

Koci Mai Yara: Hajiya, irin ƙanen naki nake horarwa, shekaru da dama ke nan, a filin makarantar firamare. Bari in faɗi ɓangaren da masu kallo ba sa gani. Tun 2009 ake yi wa yara gwajin MRI, wato hoton cikin jiki, a wuyan hannu don tantance shekarunsu. Ƙashin wurin yana da wata 'yar gaɓa da ba ta gama haɗewa sai mutum ya girma, to in hoton ya nuna ta haɗe gaba ɗaya, sai a ce yaro ya wuce shekarun. Na taɓa kai wani yarona wajen tantancewa, ɗan tsakiya ne mai natsuwa, ya tsallake duk matakan fili, gwajin ya fitar da shi. Na san gidansu, na san shekarar da aka yi sunansa, amma takardar haihuwa ba shi da ita sai ta rantsuwar kotu, kuma ba wanda zai saurare ka da ita. Ya yi kuka, ni ma na yi. Duk da haka ina goyon bayan gwajin, domin na ga ƙattin da ake rage wa shekaru suna ture yara na gaskiya. Wanda ya ci kofi da rage shekaru, lokacin da ake jiran ya nuna kansa a babbar ƙungiya ya riga ya gangara. Roƙona ga iyaye shi ne a yi wa yaro rajistar haihuwa tun yana jariri.

Kuma kada a ce duka sun ɓace. Kanu da Babayaro da Oruma na 1993 sun ɗauko zinaren Olamfik a 1996. Iheanacho ya fito daga 2013. A 2015 kuwa na hana kaina barci na kalli wasan ƙarshe da Mali a Chile cikin dare, Osimhen ya ci ta goma a gasar, ga shi ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023.

Ɗan Yamai: Sannunku 'yan'uwa, daga Nijar nake. Ni ina cikin fili a Yamai a 2016 lokacin da yaranmu suka fitar da ku a wasan share fage. Kun ci mu ɗaya a Abuja, muka rama uku da ɗaya a gida. Mun ji cewa gwajin da Koci ya ambata ya zubar muku da 'yan wasa da yawa kafin wasan. A wurinmu babbar rana ce, don masu riƙe da kofin duniya muka cire, kuma daga nan muka je gasar Indiya a 2017, karonmu na farko, har muka tsallake rukuni.

Ɗan Kurmi: Ranar kam kun fi mu, ɗan'uwa. Koci, yaron naka yana ina yanzu?

Koci Mai Yara: Yana nan, ya koyi ɗinki ya buɗe shago. Da yamma yana zuwa ya taya ni horar da 'yan ƙasa da shekara 13, kuma shi ne ke bin iyayensu gida gida a kan maganar takardar haihuwa.