Wa ke yanka farashin auduga, kuma me ya sa mai saye ɗaya ne tilo?

Ɗan Pitowa:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, a warware mini wata gardama da ta ƙi ƙarewa a majalisu daga Gidar har Tuboro. Gona ta manomi ce, ƙarfi nasa, bashin taki a wuyansa, amma ranar ciniki ba shi da bakin cewa albarka. Farashi ya riga ya sauko daga sama, mai saye kuma ɗaya ne, Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru. Wasu na cewa a buɗe kasuwa kowa ya saya kamar masara da gyaɗa, wasu na cewa ranar da aka yi haka auduga ta mutu ke nan. Shin da wane lissafi ake yanka farashin kilo? Su wa ke da kamfanin? Kuma ina manomi zai taɓa maganarsa ta yi nauyi?

Malam Mai Lissafi, Garwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu fara da masu kamfanin, don kowace magana can take komawa. An kafa Sodecoton a 1974, ta gaji aikin kamfanin Faransa CFDT. A rabon da aka daɗe a kai, gwamnatin Kamaru ta riƙe kashi 59 cikin 100, kamfanin Geocoton da ya gaji hannun jarin Faransawa ya riƙe 30, kamfanin 'yan kasuwar gida SMIC ya riƙe 11. Haɗa su ka gani, ɗari ta cika. A wannan rabon, manoman da ke kawo kayan ba su samu ko kaso ɗaya ba. Ƙungiyarsu CNPC-C ana zama da ita a tattauna farashi da sayen taki, amma zaman tattaunawa daban, ƙuri'ar mai hannun jari daban.

Lissafin kuwa daga waje yake farawa. Ana cinikin gurzajjiyar auduga a kasuwar duniya da santin dalar Amurka a kan kowane fam na awo, kilo ɗaya kuma fam 2.2 ne. Ga misali, lambobin na koyarwa ne kawai. A ce fam yana santi 70, kilo ya kama dala 1.54. In dala tana sefa 600, kilon gurzajjiya ya zama sefa 924. Sai dai abin da manomi ya kai sikeli ba gurzajjiya ba ce, tana tare da anguryarta. Kilo 100 na irin wannan yana ba da kamar kilo 42 na gurzajjiya, sama da rabi angurya ce, ragowar datti da ƙura. Ke nan kilonka ɗaya ya tashi kusan sefa 388 kafin a cire komai. Daga nan ake cire kuɗin kwaso ta daga ƙauye, gurza a masana'antun Marwa, Kaele, Gidar, Garwa, Ngong ko Tuboro, ɗaurin dila, mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa zuwa Duwala, kuɗin tasha, inshora, albashi, da ribar masu ba da rancen da aka sayi taki da shi tun watanni kafin shuka. In ruwan madatsar Lagdo da ke ba da lantarki ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, injin gurza ya koma kan janareto, kuɗin gas ma ya hau kai.

Yanzu bar farashin duniya yadda yake, ka sauke dala zuwa sefa 550. Wancan 388 ya koma 356. Sefa 32 sun tafi a kowane kilo, ba fari, ba ƙwari, ba wanda ya yi sakaci. Dalili shi ne sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, auduga kuma da dala ake sayar da ita. Duk sanda yuro ya yi ƙarfi, manomin Mayo Rey ya yi asara bai san daga ina ta ɓullo ba.

Abin da na fi so a lura da shi angurya ce. Da ita ake yin man Diamaor da dusar dabbobi a masana'antun mai na Garwa da Marwa, a sayar da su nan gida da sefa, ba ruwansu da hawa da saukar dala. Duk wakilin manoma da ya shiga zaman farashi bai nemi a nuna masa nawa angurya ta shigar ba, da nawa daga ciki aka sa a lissafin kilo, rabin aikinsa ya yi.

Batun mai saye ɗaya kuwa, bashi ne ya haife shi. Manomi yana karɓar iri, taki, maganin ƙwari da na ciyawa ba tare da jingina ba, kusan buhun taki mai kilo 50 a kowane kar, kar huɗu kuma hekta ɗaya. Jinginarsa ita ce audugar da ba ta ma tsiro ba, sai kuma 'yan da'irar lamuninsa da suka tsaya wa juna. Ranar biya ana fara zare bashin ƙungiya duka, sannan a raba saura. In masu saye suka zama goma, wanda ya ba da taki a watan Yuni ba shi da tabbacin ganin auduga a Disamba, shekara mai zuwa kuma ba zai bayar ba. An ga haka a kakar 2010 zuwa 2011, da farashin duniya ya haura dala 2 a fam. Auduga ta yi ta tsallakawa Najeriya, bashi ya zauna a kan waɗanda suka kai tasu sikelin ƙungiya.

Alhaji Na Kusiri:

Malam, lissafinka ban ga inda zan taɓa ba, amma ka sassauta wa kamfani da yawa. Hujjar bashi gaskiya ce. Najeriya ta rushe hukumar cinikin auduga a 1986, bashin kayan noma da tsabtar iri suka bi ta. Sai dai hujjar da ta halatta mai saye ɗaya ita ce kuma ta ɗora masa nauyin da ba a ɗora wa ɗan kasuwar masara. Wanda aka hana ka sayar wa kowa sai shi, dole ya buɗe maka littafinsa. Nawa ne ainihin kuɗin gurza kilo ɗaya? Wa ya ci kwangilar taki, a kan nawa? Wa aka sayar wa dilolin, a wane wata, da wane farashi? In ba a ga waɗannan ba, duk tsadar da rashin iya gudanarwa ta jawo sai a rubuta ta cikin kuɗin aiki, manomi ya biya.

Mu dubi Cadi. Lokacin da Cotontchad, kamfanin audugar ƙasar da ke Mundu, take hannun gwamnati, kuɗin da manoma ke bin ta ya taru ba a biya ba, mutane suka bar auduga suka koma riɗi da gyaɗa, noman ya faɗi warwas. A 2018 aka sayar wa kamfanin 'yan kasuwa Olam kashi 60. Noma ya farfaɗo bayan an koma biyan kuɗi da kai taki, wannan ba a musunsa. Amma mai saye har yanzu ɗaya ne, hannu kawai ya sauya. Shi ya sa gardamar ko na gwamnati ko na 'yan kasuwa ba ta cika kai mu ko'ina ba. Kowanne daga cikinsu, in babu mai duba shi, kansa zai fara yi wa aiki.

Yadda mai ƙarfi ke lanƙwasa doka kuwa a fili yake. BEAC, babban bankin ƙasashe shida na Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, ya fito da dokar canji a ƙarshen 2018, ta fara aiki a 2019: duk wanda ya fitar da kaya waje ya dawo da kuɗinsa gida. Kamfanonin mai da ma'adinai suka ja, aka yi ta ɗaga musu ƙafa, a ƙarshe aka daidaita a kan kashi 35 kawai daga 2022. Doka ɗaya, ƙasashe shida, amma wanda ya iya ɗaukar manyan lauyoyi ya samu tasa daban. A waje ma haka ne. A farkon shekarun 2000 Amurka ta kai ga ba manoman audugarta, kimanin 25,000, tallafin sama da dala biliyan 3 a shekara guda, abin da ya danne farashin duniya. Cadi, Mali, Benin da Burkina Faso suka kai kuka taron kasuwanci na duniya a Kankun a 2003. Brazil ita ƙara ta shigar, ta yi nasara, a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe magana. Ƙasashenmu huɗu ba su ga irin wannan kuɗin ba.

Hajiya Mai Sikeli, Ngong:

Malam da Alhaji, Allah ya ƙara sani. Kun tafi Duwala da Amurka, ku bari in dawo da yaron nan bakin sikeli, don kuɗin da ke zubewa a can shi ne wanda hannunsa zai iya tarewa a bana.

Ɗana, farashin da aka sanar na lamba ɗaya ne. In aka mayar da kayanka lamba biyu, kuɗin kilo ya ragu nan take, kuma abin da ke jawo haka sananne ne: tsinka da raɓa, zubawa a ƙasa ba shimfiɗa, haɗa farar da mai tabon ƙwari, da buhun leda irin na taki. Zaren leda in ya shiga auduga ba ya fita a gurza, ba ya kuma kama rini, masaƙa na gudunsa, ƙasa gaba ɗaya ke rasa daraja a kansa. A tsinka da buhun yadi, biyu a jiki, fara daban mai tabo daban. A shanya a kan tamfol.

Ranar awo, a gwada sikeli da abin da aka san nauyinsa a gaban kowa kafin a ɗora ƙunshi na farko, a sake gwadawa da rana. A auna tamfol ɗin ɗauri shi kaɗai, a rubuta nauyinsa, kada a ƙiyasta. Mutum biyu su riƙa rubutu, kowa da littafinsa, a haɗa jimla kafin mota ta tashi. Wakilin ƙungiya ya bi motar har babban sikelin masana'anta ya karɓo takardar awo da hannunsa. In nauyin can ya fi na ƙauye, rarar ta ƙungiya ce, a karanta ta a taro. In ya gaza, a nan ake gane ko sikeli ne ko hanya.

Masu yayyafa ruwa ko zuba yashi don kaya su yi nauyi, 'yan'uwansu suke cuta. Mota ɗaya kayan mutane da yawa take ɗauka, in an rage mata daraja kowa ya shafa.

Sai da'irar lamuni. Kada a shiga da wanda ba a san gonarsa ba. A taka gona a auna kafin a rubuta masa taki, domin wanda ya rubuta kar takwas alhali huɗu ya shuka, rabin takin kasuwa ya nufa ko gonar masara, audugarsa kuma ba za ta rufe bashinsa ba. Mata da yawa suna noma a ƙarƙashin sunan maigida ko ɗa, ranar biya kuɗi ya shiga hannun da bai tsinka ba. Wadda ke da gonarta ta nemi a rubuta sunanta ita kanta.

Ɗan Pitowa:

Na gode, Allah ya saka. Hajiya, wannan za a iya farawa da shi tun kakar nan. Amma Alhaji, in kamfani ya ƙi buɗe littafi, me ya rage wa manomi ban da ƙin shuka?

Alhaji Na Kusiri:

Ƙin shuka makami ne, an kuma gwada shi. Manoman Mali sun yi a 2000, noman ya ragu da kusan rabi. Sun sake a 2020 da aka sauke farashi, auduga ta faɗi daga wajen tan 700,000 zuwa ƙasa da 200,000, kaka ta gaba aka ɗaga farashi. Sai dai yana da tsada ƙwarai, domin bashin takin masara ma ta hanyar auduga yake zuwa. Wanda ya bar auduga yana iya rasa takin abincinsa.

Kafin a kai can akwai abin da za a nema a rubuce, kuma lokacinsa kafin shuka ne, wajen Afrilu da Mayu, sa'ad da kamfani ke bukatar a yi rajistar gonaki. Bayan an tsinke ba sauran ƙarfin ciniki. A nemi a bayyana farashin kilo tare da farashin buhun taki a rana ɗaya, domin ƙarin sefa 10 a kilo ba komai ba ne in buhu ya tashi da dubbai. Hanyar aunawa mai sauƙi ce: kilo nawa na auduga ke biyan buhu ɗaya bana, nawa ya biya bara. A nemi ƙa'idar cikon kuɗi in an sayar da dila sama da yadda aka ƙiyasta, da bayanin abin da ke cikin asusun daidaita farashi, wato wanda ake tallafa wa farashi da shi in kasuwa ta faɗi. A sa wa'adin kwanaki tsakanin ɗaukar kaya da biya, da tarar da kamfani zai bayar in ya wuce, tunda shi ma ba ya yafe bashinsa. Jinkirin biya ne ke sa manomi sayar da masararsa da arha lokacin kaka, ya dawo ya saye ta da tsada a Agusta.

Duk wannan ta bakin wakilai zai bi, daga ƙungiyar ƙauye zuwa ta yanki har CNPC-C. Don haka zaɓen wakilin ƙauye ba abin da za a bar wa mutum biyar ba ne a zauren mai gari. A zaɓi mai noma da hannunsa, wanda ya iya karanta takardar awo, a kuma sa masa sharaɗin dawowa da kwafin abin da aka sa wa hannu, a karanta shi da Hausa da Fulatanci a gaban 'yan ƙungiya kafin a karɓi buhun taki na farko.