Sunan uwar garke yana komawa tsoho duk lokacin da wuta ta ɗauke

Mai_Sola_Ƙaraye: Assalamu alaikum malamai. Uwar garke ce mai Ubuntu Server a ɗakin kwamfuta na wata makaranta a ƙauye, kwamfutoci goma sha biyu ke ɗibar darussa daga cikinta. An sa mata suna ƙaraye-saba da hostnamectl, umarnin sa wa na'ura suna. Yanzu sudo, umarnin yin aiki a matsayin admin, yana jan ƙafa, sai ya rubuto "unable to resolve host". Kuma da inbata ta sauke aka sake kunnawa, sai tsohon sunan ya dawo, kwamfutocin yara ma ba sa ganinta da suna. Ina gizo ke saƙar?

Injiniya_Ringim: Wa alaikumus salam. Malam, matsala uku ce ka haɗa a kwarya ɗaya. Fara da sunan kansa. Sunan na'ura ba ya karɓar ƙ, ɗ ko ɓ; haruffan a zuwa z ne kawai, da lambobi, da karan tsakiya, kuma kada ya wuce haruffa 63. Buga hostnamectl ka duba layin Static hostname, ina kyautata zaton za ka tarar da araye-saba, don yakan zubar da harafin da bai gane ba. Sake sawa haka: sudo hostnamectl set-hostname karaye-saba

Sannan buɗe /etc/hosts, fayil ɗin da ke haɗa sunaye da adireshinsu. Umarnin hostnamectl ba ya taɓa fayil ɗin, shi ya sa layin 127.0.1.1 yake nan da tsohon suna. Sudo na neman adireshin sabon sunan, bai samu a gida ba, sai ya fita tambayar DNS, mai juya suna zuwa adireshi a intanet, ga sabis ɗin ƙauye sai a hankali. Jinkirin ke nan. Mayar da layin ya zama 127.0.1.1 karaye-saba, amma ka bar layin 127.0.0.1 localhost yadda yake. Gwada da getent hosts karaye-saba.

Hajiya_Linux: Komawar suna bayan kunnawa galibi aikin cloud-init ne, manhajar da ke saita na'ura lokacin kunnawa. A /etc/cloud/cloud.cfg nemi preserve_hostname, in false ne mayar da shi true. Ka leƙa /etc/cloud/cloud.cfg.d ma, don abin da ke can shi ke danne babban fayil.

Injiniya_Ringim: Hajiya ta faɗi daidai. Saura na ukun, kuma shi mutane suka fi tuntuɓe a kai: gyaran /etc/hosts uwar garken kaɗai ya shafa, sauran kwamfutoci ba su san an yi ba. Ga shi duk ɗaukewar wuta rauta na iya ba ta sabon adireshi. Shiga rauta, sashen DHCP mai raba adireshi, ka ɗaure adireshin MAC nata (lambar katin sadarwarta) da lamba ɗaya, misali 192.168.1.10. In rautar na da wajen rubuta sunaye, sa karaye-saba a nan. In ƙaramar MiFi ce, kada ka wahalar da kanka. Na'ura goma sha biyu ba yawa, rubuta layin 192.168.1.10 karaye-saba a fayil ɗin hosts na kowacce. A Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc, kuma sai ka buɗe Notepad a matsayin admin kafin ya yarda ka adana.

Hajiya_Linux: Kuma kada a liƙa wa sunan .local a rauta, wannan na mDNS ne, wata hanyar da na'urori ke gano sunan juna da kansu, zai riƙa kamawa yana saki. In ana son wutsiya, a sa .home.arpa.

Mai_Sola_Ƙaraye: Araye-saba ɗin kuwa na gani. An gyara, an kashe an kunna sau biyu, suna ya zauna. Allah Ya saka da alheri.