Neman kalmar Hausa: me za mu kira SEO?

Malama Mai Koyarwa: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa wasu mata masu sayar da atamfa da turaren wuta yadda shafinsu zai riƙa fitowa a sama idan an nemi kaya a Google. Gobe da safe zan kai takardar darasin a buga, amma na maƙale a kan yadda zan fassara SEO (Search Engine Optimization), sunan wannan dabara da Turanci. Na rubuta "tallata shafi", sai na ji bai kwanta min ba.

Mai Gina Shafuka: Wa alaikumus salam. Kina da gaskiya, Malama. Talla kuɗi ake biya, shi ne Google Ads, duk wanda ya latsa sai a cire wa mai shafi kuɗi. SEO kuwa ko kwabo ba a ba Google. Gyara ne: taken shafi ya ƙunshi kalmomin da masu nema ke rubutawa, ya buɗe da sauri a waya, wasu shafukan su riƙa nuno shi, wato su sa adireshinsa da za a latsa a zo gare shi. Ƙirga masu nuno shafin nan shi ne dabarar PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kanta a 1998. Ni "inganta shafi don injin bincike" nake cewa.

Tsohon Ɗan Rediyo: Kalma biyar don abu ɗaya, ciki har da "injin" na aro! Ɗana, Hausa ba ta talauce haka ba. Ku leƙa Kantin Kwari, ku ga yadda mai shago ke fito da atamfar da ta fi kyau bakin ƙofa don idon mai wucewa ya fara sauka a kanta. Wannan shi ne kasa haja. Ku kira shi "kasa-haja".

Mai Gina Shafuka: Baba, kwatancen ya yi daɗi. Matsalar ita ce a waya mutane ba sa sa lanƙwasa, kasa da ƙasa duk ɗaya suke rubuta su. Wani zai karanta ƙasa, wani ya ɗauka kasawa ce. Ko a aikina ina fama da haka: wata mai shafi ta rubuta "ƙosai" daidai, masu nema kuwa "kosai" suke bugawa.

Tsohon Ɗan Rediyo: To sai mu bar harshenmu saboda ragwancin 'yan yatsu? Da aka fara cewa "yanar gizo" ba dariya aka yi ba? Yau wa bai san ta ba?

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, haka aka ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa", amma kasuwa kwamfuta take cewa. Mu a Nijar kalmar Faransanci référencement muke ji a bakin masu aikin. Kuma don Allah duk abin da za a zaɓa a tuna da mu, kada Kano ta yanke ta ce Hausa ta yanke.

Tsohon Ɗan Rediyo: Ba maganar Kano ba ce. Haja a Damagaram ma haja ce.

Ɗan Damagaram: Haja ce, amma ba kowane shafi ke sayar da kaya ba. Shafin tafsiri ko na asibiti fa, wace haja ya kasa?

Malama Mai Koyarwa: Iyayena, dare na yi. Na kira ɗaya daga cikin ɗaliban na karanta mata duka. Da na ce "inganta shafi don injin bincike" sai ta tambaye ni wane inji. Da na ba ta misalin Baba na bakin ƙofar shago, nan take ta ce, "Au, a gyara shi yadda mai nema zai same ni." Don haka zan sa "gyaran shafi don masu nema" a matsayin take, in rubuta SEO sau ɗaya don su gane shi idan sun gamu da shi, in buɗe darasin da misalin kasa haja.

Mai Gina Shafuka: Ya wadatar a aji. A takardar kwangila dai zan ci gaba da tawa.

Tsohon Ɗan Rediyo: 'Yata, bayani kika yi, har yanzu ba ki raɗa masa suna ba. Ki buga haka nan tunda lokaci ya ƙure. Amma ranar Asabar ki saurara da kyau ki ji wadda matan za su maimaita idan an tashi, ki dawo ki faɗa min.