Motar lantarki a hanyar Daura zuwa Katsina: wanda ya taɓa hawa ko ya mallaka ya ba mu labari

Malamin Daura:
Assalamu alaikum. A Daura iyalina suke, wurin aikina kuma Katsina, sau uku a mako nake bin hanyar Mashi da tsohuwar Corolla. Zuwa da dawowa wajen kilomita 160 ne, motar tana shanye mini lita 13 in ban taka ta da yawa ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kusan rabin abin da nake samu a gidan mai yake ƙarewa. Wani abokin aikina ya dame ni in sayar da ita, in haɗa da kuɗin adashi in sayi ta lantarki wadda aka ɗan hau. Hujjarsa biyu: ta fi sauƙin riƙewa, kuma ba ta ɓata iska. Na karanta labarin Norway da Sin har na gaji. Wanda ya riƙe irinta a nan, cikin zafinmu da ƙurarmu da irin wutarmu, shi nake son ji daga bakinsa.

Mai Napep Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ba mota na riƙe ba, napep ce mai batir, wata goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa ta, balas nake kai wa mai ita kullum. Gaskiya tsakani da Allah na ji daɗinta. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba wankin kafireta, ba layin gidan mai. Da dare ake jona ta, da safe in ɗauka, in yi ta zirga-zirga tsakanin babbar kasuwa da Ƙofar Ƙwaya da Batagarawa har azahar. Daga nan dole in koma in sake jonawa, in yi salla in ci abinci in ɗan kishingiɗa, sai bayan la'asar in fito. Mata da tsofaffi suna son ta don ba ƙara ba girgiza. Akwai wata baiwar Allah da take jirana musamman in za ta kai mahaifiyarta asibiti.

Inda na sha wuya shi ne watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Abokan sana'ata masu fetur suna aiki, ni ina zaune a gindin bishiya ba ko sisi. Bayan nan ne maigidan ya sa sola a gidansa, tun daga lokacin ban sake kwana biyu a jere ba aiki ba. Sai dai in an yi lodi mai nauyi, ko a watan Afrilu da rana ta buɗe, cajin ba ya kai ni inda ya saba kai ni.

Alhajin Ƙofar Durɓi:
Malam, ka saurare ni da kyau, don abin da kake shirin yi shi na yi. Na sayi Nissan Leaf tsohuwar yayi daga hannun wani dillali, jikinta kamar ba a taɓa hawa ba. A allon gabanta akwai layuka 12 da ke nuna lafiyar batir, ranar da na karɓe ta 9 suka rage, dillalin ya ce ba komai ba ne. Ban san abin da ake dubawa ke nan ba, fenti da kujeru na tsaya kallo. Bazara biyu ta yi a hannuna suka koma 7. Daga baya na gane batirin irin wannan motar ba shi da ruwan sanyaya shi, iska kawai ya dogara da ita, ga shi mu a nan zafi yana haura digiri 40 kafin damina ta sauka.

Yanzu in na cika ta, na kunna na'urar sanyi, da ƙyar take yin kilomita 70. Kano ba ta taɓa zuwa ba, wajen kilomita 170 ne, kuma ni ban ga inda zan tsaya in jona a hanya ba. Jibiya na taɓa gwadawa sau ɗaya, a hanyar dawowa muka kashe na'urar sanyi, gabana yana faɗuwa har muka shigo gari. Na nemi sabon batir, kuɗin da aka yanka mini ya kusa abin da na sayi motar. Na sa ta a kasuwa, kowa ya zo sai ya yaba ya wuce. Yara take kaiwa makaranta yanzu, wannan kam tana yi lafiya lau, amma ba don haka na zuba kuɗina ba. Abin da ya fi ci mini rai, dare da yawa janareta nake tayarwa in yi mata caji. Maƙwabta suna shan ƙara da hayaƙi saboda motar da aka ce ba ta hayaƙi.

Malamin Daura:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kilomita 70 ko Katsina ba za ta kai ni ba.

Mai Haɗa Sola:
Malam, bari in yi maka lissafin da nake yi wa masu zuwa shagona da wannan maganar, don sun fara yawa. Ƙaramar motar lantarki mai lafiya tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. Tafiyarka ta yini, har da abin da ke zubewa wajen caji, ka ce yunit 30. In kana layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a yini, wanda aka ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024 zuwa sama da naira 200 kowane yunit, abin zai kama naira dubu shida da 'yan kai. Lita 13 ɗinka kuwa, a farashin da ya kai wajen naira dubu a ƙarshen 2024, ninkin haka ne. Abokinka bai yi ƙarya ba a nan.

Amma ka duba na Alhaji. Ƙaramin janaretan fetur na gida yunit biyu yake bayarwa a lita ɗaya, wani ma bai kai ba. Yunit 30 ke nan lita 15. Ka ga ka ƙona fiye da abin da Corolla take sha, ka ƙara da wahalar janareta. Duk wanda zai dogara da janareta, wallahi gara ya zauna da motarsa ta fetur.

Sola ita ce hanya, rana kam Allah ya ba mu. Yunit 30 a yini yana buƙatar faranti kamar 12 masu wat 550. Matsalarka ita ce lokacin da rana take bugawa motar tana Katsina, farantan suna Daura. Sai ka sayi batir babba na gida da zai tara wutar ya ba motar da dare, kuma shi ne mai tsadar. Abin da ya sauƙaƙa maka, kwana uku kake tafiya, sauran ranakun motar tana gida tana shan rana kai tsaye. Da hunturu kuma sai an riƙa share farantan, ƙura tana rage musu ƙarfi sosai. Na ga gidan da suka ɗauka inbata ce ta lalace, ashe wata biyu ba wanda ya hau ya goge.

Bakanike a Gareji:
Shekara 22 ina gyaran mota. An taɓa jawo mini ɗaya da igiya daga hanyar Dutsin-ma, na buɗe na ga wayoyi masu ruwan lemo, na rufe. Wutar da ke cikinsu ta kai bolt 350 zuwa 400, tana kashe mutum nan take, ban yarda yarana su taɓa ba. Birki da taya da ƙafafu zan yi maka. Abin da ya shafi batir da kwamfutarta sai an kira wani daga Kano ko Abuja, kayan kuma a jira makonni. Ba ƙin ta nake ba Malam, kayan lalacewa a jikinta kaɗan ne, ba salansa ba bel ɗin inji. Da za a buɗe wurin koyarwa, ko a Jami'ar Sufuri da ke nan Daura, ni da kaina zan zauna a aji.

Maman Khalifa:
Ni ta ɓangaren iska zan yi magana. Ɗana na biyu yana da asma, gidanmu kuma a bakin titi yake kusa da inda 'yan acaba da napep suke tsayawa. Da magariba in hayaƙi ya haɗu da ƙura, sai na rufe tagogi duk zafi. Bara mun je biki Maiduguri, na shiga tasi mai lantarki daga cikin waɗanda gwamnatin Borno ta kawo a ƙarshen 2023. Mun tsaya a cunkoso, yaron yana kan cinyata, ba warin mai ba komai, har barci ya yi. Masu ilimi za su ce ai ana ƙona wani abu a can inda ake yin wutar. Na yarda. Amma ba a hancin ɗana ake ƙona shi ba. In napep ɗin unguwarmu duk suka koma irin ta ɗan'uwanmu na Ƙofar Ƙaura, ni dai na san abin da zai canza a ɗakina.

Malamin Kimiyya, Mani:
Hajiya, Allah ya ba Khalifa lafiya, maganarki gaskiya ce kuma ba ƙarama ba ce. Zan ƙara abin da nake koya wa ɗalibaina. Kowace lita ta fetur in ta ƙone tana sakin wajen kilo 2.3 na iskar kabon, tafiyar Malam ta yini kilo 30 ke nan. Wutar ƙasarmu mafi yawanta daga iskar gas take, sauran daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Ta gas tana sakin kusan rabin kilo a yunit, yunit 30 bai wuce kilo 15 ba. Saboda haka ko da wutar layi aka yi caji an rage rabi, da sola kuwa kusan babu. Injinan iska 37 na Lambar Rimi, masu megawat 10 gaba ɗayansu, irin wutar da ta dace da wannan aikin ke nan.

Sai dai motar tana zuwa da bashinta tun daga masana'anta. Ƙera batir yana cin wuta mai yawa, sai an yi tafiyar dubban kilomita kafin ta biya wannan bashin ta fara riba. Ma'adinin kobalt da ake sa wa wasu batiran, kusan kashi 70 cikin 100 daga Kongo yake, inda talakawa suke haƙa wani ɓangarensa da hannu. Litiyam kuma ga shi ana haƙa a Nasarawa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Sababbin batira irin na kamfanin motocin Sin BYD ba sa amfani da kobalt, kuma sun fi jure zafi. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙarshen batirin. Na ga yara 'yan jari bola suna fasa tsofaffin batiran mota da na inbata da guduma, suna zubar da ruwan a ƙasa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara wajen 400 suka rasu, bai kamata mu yi sakaci ba. Na motar lantarki ba dalma ba ne, amma in aka huda shi yana kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. In Turai suka mayar da mu wurin zubar da motocin da batirinsu ya gaji, irin wadda aka sayar wa Alhaji, su sun ci moriyar, mu an bar mu da sharar.

Ɗan Mai'aduwa:
Ni Prius nake hawa shekara huɗu, mai haɗa fetur da batir, ba a jona ta ko'ina. Daura zuwa Kano ta Kazaure nake yi duk mako, lita 5 zuwa 6 a kilomita 100. Sau ɗaya na canza batir, a Kano aka yi mini cikin yini guda. Ka tuna ka riƙa sa a wanke fankar da ke sanyaya batirin, ƙura tana toshe ta.

Malamin Daura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tsohuwar Leaf dai na janye, sabuwa mai dogon zango kuma ta fi ƙarfin aljihuna, unguwarmu ma ba ta layin Band A. Abin da zuciyata ta kwanta da shi, in sa sola a gida tukuna da kuɗin adashin, in sayi napep mai batir in ba ƙanena da ke zaune ba aiki, ya riƙa aiki da ita cikin garin Daura. Corolla kuma in na samu mai saye in musanya da irin ta Ɗan Mai'aduwa. Mai Haɗa Sola, faranti nawa napep ɗaya take buƙata in za a jona ta da azahar? Kai kuma ɗan'uwa na Ƙofar Ƙaura, ranar Talata ina Katsina, in ba damuwa zan zo da ƙanen nawa ya ga yadda take kafin mu sa kuɗi.

Mai Napep Ƙofar Ƙaura:
Ba damuwa Malam. Ku zo wajen ƙarfe ɗaya, lokacin tana caji, sai ya ga batirin da cajar da idonsa. In an yi la'asar mu fita tare ya riƙe kan.