Neman kalma: "discharge" da "power supply" a injin ozon

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ina fassara littafin horar da masu kula da injin ozon (iskar da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) na masana'antun ruwan leda, ranar Alhamis zan miƙa. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya a babin wutar injin: power supply da discharge. Ta biyun na sa "tartsatsi", amma raina bai kwanta ba.

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam. Malama, goge tartsatsi tun da wuri. Bututun ozon ƙarfe biyu ne, tsakaninsu gilashi ko tangaran, sai 'yar rata ta milimita 1 ko ƙasa da haka inda iska ke bi. Gilashin nan ba don komai aka sa shi ba sai don ya hana tartsatsi. Da wuta ta keta iskar, caji ya taru a fuskar gilashin ya kashe ta cikin 'yan nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa), wata ta tashi a gefe, dubbai a warwatse, su ne discharge ɗin. Su ke raba ƙwayar oksijin ta koma ozon. In aka ga tartsatsi guda mai kauri ya tsaya wuri ɗaya, gilashi ya huje ke nan. Mai gyaran da ya karanta cewa tartsatsi ke yin ozon zai ga ɓarna ya ce aiki ne.

Malam Issoufou: Ta farkon, mu a Damagaram alimentation muke cewa, wato ciyarwa. "Sashen ciyar da wuta" ya zauna daram.

Injiniya Sabo: Na yarda, don girki ake yi kafin a ciyar. Wutar gida bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Diyod huɗu su miƙe ta, kafasita ta riƙe kusan bolt 325, sai inbata mai makunnan lantarki (MOSFET ko IGBT) biyu ko huɗu ta yayyanka ta sau dubbai a daƙiƙa, taransifoma mai zuciyar ferit ta ɗaga ta zuwa kilobolt da yawa. Dole wutar ta zama mai juyawa, miƙaƙƙiya ba ta ƙetare gilashi. Ki ƙara gargaɗi: kafasitar tana riƙe caji bayan an cire filogi, a auna ta kafin a sa hannu.

Baba Nahawu: Inbata, kafasita, diyod. Wannan Hausa ce ko Turanci da hular zanna? A ce majuyi, a ce rumbu. Discharge kuwa "walƙiyar shiru" ce. Ba ni na ƙaga ba, Werner von Siemens ya ƙera bututun a 1857, kuma tun wancan ƙarni masana ke siffanta ta da shiru.

Garba Mai Wayarin: Allah gafarta Baba, walƙiya dirka ɗaya ce, irin wadda Injiniya ya ce alamar lalacewa ce. Shirun ma fa sai a takarda, bututu yana huci, taransifoma tana fito. Ni "yayyafin wuta" na gani: ƙanana, masu yawa, ko'ina lokaci guda.

Baba Nahawu: Yanzu daga shagon gyara za a riƙa yanke wa harshe riga? An yi hukumomi da sassan jami'a don wannan aiki.

Garba Mai Wayarin: Baba, ka shiga Sabon Gari ka ce a ba ka rumbu mai maikurofarad 470, ka ga ko ba wajen masu hatsi za a nuna maka ba.

Malam Issoufou: Ku na Kano kun ɗauka duk abin da aka faɗa a kasuwarku shi ne Hausa. Inbatarku a wajenmu onduleur ce, babu mai gane ta.

Malama Hadiza: Don Allah a yi haƙuri, Alhamis fa.

Injiniya Sabo: Yayyafi ya yi mini, har yana taimakon bayani. In aka rage bolt ƙasa da matakin kamawa, yayyafin ɗaukewa yake yi gaba ɗaya, ba raguwa ba. Shi ya sa injuna da yawa ke barin bolt yadda yake, su ba da wuta zagaye goma misali, su huta goma, ozon ya ragu zuwa kusan rabi. Akwai kuma kalma ta uku da za ki ci karo da ita, resonance. Bututun kansa kafasita ne, idan saurin inbata ya dace da shi da naɗin taransifoma, bolt yana tashi sosai. Da gangan ake aiki kusa da wurin, amma in aka sauya bututu da wani mai girma daban ba a sake saiti ba, ko ozon ya yi ƙasa ko naɗi ya ƙone. Ina ganin "amsa-amo".

Baba Nahawu: Amsa-amo na waƙa ne, ƙafiya ke nan, yana da mai shi. Shi kuma yayyafinku, yaro zai ji ruwa a ciki, alhali danshi ne babban makashin injin.

Injiniya Sabo: Nan Baba ya kama mu. Iska mai danshi tana haifar da asid ɗin naitirik a ratar, ya ci ƙarfe, ya ɓata fuskar gilashi. Manyan injuna sai an busar da iskarsu har raɓa ba za ta sauka ba sai sanyi ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri.

Malama Hadiza: To na ɗauki "sashen ciyar da wuta" da "yayyafin lantarki", da gargaɗin danshi a ƙarƙashinsa. Tartsatsi na bar shi wa lalacewa. Inbata da kafasita suna nan. Resonance fa?

Baba Nahawu: Lantarki ya fi wuta, ban dai ce na yarda ba. Ta ukun ku ba ni zuwa Laraba, amma kada wanda ya taɓa amsa-amo.