Masu fama da farfaɗiya da masu jinyarsu: me kuka gwada bayan maganin asibiti, kuma yaya ta kaya?

Maman Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Autana ne, shekararsa 9. Yana wata takwas a duniya ya yi sanƙarau, Allah ya raya mana shi, to yana cika shekara 5 sai faɗuwa ta fara. An yi masa gwajin nan da ake manna wayoyi a kai, likita ya tabbatar farfaɗiya ce, aka ɗora shi a kan Tegretol safe da dare. A da sai ya faɗi sau uku ko huɗu a wata, yanzu kuwa mukan yi wata uku lafiya lau.

Damuwata ita ce, shekaranjiya surukata ta zo daga gida da jarkar jiƙo da ƙullin turare. Ta ce mai maganin ya gindaya sharaɗi: a ajiye na asibiti kwana arba'in, wai ba sa haɗuwa a ciki ɗaya. Maigida ya rasa ta cewa, ga uwa ga ɗa. Ni ban raina na gargajiya ba, da shi aka raine mu, kuma na san Hajiya ƙaunar jikanta ce ta sa ta yi wannan doguwar tafiya. Amma gabana faɗuwa yake. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa, ba wanda aka ba shi labari ba.

Babban Yaya

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, na roƙe ki da girman Allah kada ki ajiye wannan ƙwayar ko da ta dare ɗaya. Ƙanena shekara shida yana shan fenobabiton, yana zuwa shagonsa na ɗinki kamar kowa, har an fara maganar aurensa. Maganar auren ce ma ta jawo, domin dangin yarinyar sun ce sai ya warke gaba ɗaya. Aka kai shi wajen wani mai magani a ƙauye, shi ma irin wannan sharaɗin ya kafa. Ni na ɗauke shi a babur na kai shi da kaina. Daren kwana na huɗu ciwon ya tashi, yana lafawa wani na ɗaukarsa, bai farfaɗo a tsakani ba. Mai maganin ya ce iskar ce ke fita, a ƙara turare. Kafin mu sami mota mu isa asibiti gari ya waye. Kwanansa biyu a can Allah ya karɓi abinsa. Likitan da ya karɓe mu ya ce irin wannan magani idan aka yanke shi farat ɗaya, shi kansa yankewar tana tayar da jijjigar da ba ta tsayawa. Na san kwana ne ya ƙare, amma har gobe ina tuna cewa da hannuna na karɓi kwalbar maganin daga aljihunsa.

Maman Auta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Yaya, ya ba ku haƙuri. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Malama 'Yar Zariya

Allah ya gafarta masa. Ni da kaina nake da ciwon, shekarata 31, ina koyarwa a firamare. Keppra nake sha. Shekara uku ke nan kullum da safe ina lasar zuma da ɗigon man habbatus sauda, kuma likitana ya sani. Idan kika ce in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ban ga ya rage mini faɗuwa ba, ban kuma ga ya ƙara ba. Ina sha ne don sunna ce kuma hankalina na kwanciya da shi.

Abin da na tabbatar yana aiki a jikina shi ne barci. Na sayi littafi ina rubuta ranar kowace faɗuwa da abin da ya gabace ta, sai na ga kusan duka sun zo ne bayan na raba dare: bikin ƙanwata, makin jarrabawa, sai kuma goman ƙarshe na azumi. Azumin farko da na yi da ciwon na wahala, don ni na sauya wa kaina lokacin magani, wani lokaci ma sahur ya wuce ni ban sha ba. Yanzu tun watan Sha'aban nake zuwa mu tsara da likita, kuma na haƙura da tahajjud a masallaci, ina yin abin da ya sawwaƙa a ɗakina in kwanta. Ki buɗe wa yaronki irin wannan littafi, za ki sha mamakin abin da zai nuna miki.

Baban Hassana

Ni kam ba zan goyi bayan a kushe na gargajiya ba. 'Yata tana shekara biyu zuwa huɗu ta sha yin taune-taune, ido ya kafe, baki na kumfa. Wani tsoho ya ba mu sassaƙe muka yi mata wanka da shi muka ba ta ta sha, yau shekararta 13 ko sau ɗaya bai dawo ba.

Sista Mai Jinya

Baban Hassana, alhamdu lillahi da lafiyar yarinya. Amma in tambaye ka, duk lokacin da abin ya same ta, ba jikinta ne ke fara zafi ba?

Baban Hassana

Ƙwarai kuwa, da zazzaɓi yake zuwa.

Sista Mai Jinya

To wannan jijjigar zazzaɓi ce, mai samun yara daga wata shida zuwa shekara biyar, kuma yawanci da kanta take barin yaro idan ya wuce waɗannan shekarun, an sha sassaƙe ko ba a sha ba. Ta bambanta da ta ɗan Maman Auta, wanda sanƙarau ya bar masa tabo a ƙwaƙwalwa. A nan ne yawancin shaidar "ya warke" ke fitowa, shi ya sa nake son mu rarrabe.

Ni shekara 17 ina aiki a ɗakin yara. Abin da ya fi ƙona mini rai ba ciwon ba ne, abin da ake yi wa yaro kafin a kawo shi ne. Na karɓi wanda aka kara ƙafafunsa a wuta har fata ta saɓule, da wanda aka matsa wa albasa a ido, da wanda cokali ya karya masa haƙori. Mafi muni shi ne ɗura: a ɗura wa yaro jiƙo ko manja yana cikin jijjiga, ya wuce masa huhu, mu dawo muna fama da ciwon ƙirji. Kwantar da shi kawai a gefe, a kawar da wuta da ruwa da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada a sa komai a baki, a duba agogo. Ya wuce minti 5 bai tsaya ba, ko wani ya biyo baya kafin ya farfaɗo, sai asibiti. Kuma don Allah a daina gudunsu, kumfar bakin ba ta sa wa kowa ciwo.

Ga matan da ke cikinmu: mai shan maganin farfaɗiya na Epilim da ke son ɗaukar ciki ta je wajen likita tun kafin cikin ya shiga, domin kusan ɗaya cikin goma na jariran da aka haifa a kansa na zuwa da nakasa. Kada ta yanke da kanta, likita ne zai sauya. Ƙwayar folik asid da ake ba masu ciki, ita mai farfaɗiya tun kafin ciki ake so ta fara.

Mai Kemis na Layi

Karatun haɗa magunguna na yi, kuma ƙanwar matata na da ciwon, ni ke kawo mata magani. Bari in ɗan tsawaita.

Habbatus sauda da Malama ta ambata an gwada ta. A 2007 an yi wani ɗan ƙaramin bincike a Iran a kan yara kusan 20 da magani ya kasa riƙe ciwonsu, aka ga faɗuwa ta ragu. Amma a lura, ƙari aka yi a kan maganinsu, ba a cire musu ko ƙwaya ɗaya ba. Daga baya wani binciken a Masar da aka yi da man habbar bai ga wani bambanci ba. Iyakar abin da ke hannu ke nan.

Waɗanda nake tsoro su ne kwalaben ƙarin lafiya da ake tallatawa a Facebook da cikin motocin haya. Mai ɗauke da ganyen ginko, wanda ake cewa yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, yana iya tayar da jijjiga. Ganyen St John's wort da ake sha don damuwa yana sa hanta ta kore maganin farfaɗiya daga jini da wuri. Lemon girefurut kuwa akasin haka yake yi wa Tegretol, yana tara shi a jini har mutum ya fara jiri da gani bibbiyu. Kafur da man turare masu ƙarfi, idan yaro ya haɗiya, su kaɗai sun isa su jefa shi jijjiga. Kuma lambar NAFDAC da kuke gani a jikin maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce, ku karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalin.

Ƙarin da na ga likitoci na bayarwa da hujja shi ne bitamin D, domin Tegretol da fenobabiton idan an daɗe ana sha suna rage shi, ƙashi ya yi rauni. Ƙanwar matata sai da aka gwada jininta aka ga ya yi ƙasa sannan aka rubuta mata. Bitamin B6 yana maganin wata irin farfaɗiya ta gado da ke kama jarirai, ba kasafai ake samunta ba, kuma yawan shansa babu dalili yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Masu cewa Turawa ma da wiwi suke magani, ga asalin zancen: a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, sinadari guda da aka tace daga tabar, wanda ba ya sa maye, don wasu nau'o'i biyu masu tsanani da ke kama yara. Ana auna shi daidai nauyin yaro ana kuma bin lafiyar hantarsa. Babu abin da ya haɗa shi da naɗin da ake sayarwa a bayan tasha.

Ɗan Maraɗi

Mu nan Gardénal aka fi ba mutane, shi ne fenobabiton ɗinku. Babata shekara 20 tana sha. Abin da ya taɓa kayar da ita ba wani abu ba ne illa yankewar magani lokacin damina, hanya ta lalace. Tun daga nan ba na bari na wata ya ƙare sai na ajiye na wata mai zuwa.

Maman Biyu a Ingila

Anti, ni na gwada abin da ake kira maganin abinci, amma a hannun asibiti. 'Yata magani uku suka kasa, sai aka sa ta a tsarin cimar kito, wanda wani likita a asibitin Mayo da ke Amurka ya fito da shi tun 1921. Kitse ne mai yawa, sitaci da suga kaɗan ƙwarai, har jiki ya koma ƙona kitse. Ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ko ayaba sai an auna. Komai a sikeli nake ɗora shi, man shanu, kirim, ƙwai, kifi. Faɗuwarta ta ragu da fiye da rabi, ba ta tsaya gaba ɗaya ba, kuma ba a cire mata magani ba. Ta yi fama da taurin bayan gida, ana yawan ɗibar jininta da duba fitsari saboda tsakuwar ƙoda. Ranar sallah tana kallon 'yan uwanta suna cin cincin, ni na shiga ɗaki na yi kuka. Shekara biyu muka yi aka sauke ta a hankali. Yaron da ƙwaya ɗaya ta riƙe shi wata uku kamar naki bai kai ga wannan wahalar ba, kuma kada kowa ya kwaikwaya daga bidiyo.

Tsohon Ɗan Acaɓa

Nawa daga haɗari ne, na bugu a kai ba hular kwano. Ana ba ni magani amma ina ta faɗuwa, don ban gaya wa likita ina shan tiramol ba. Ranar da na faɗa masa ya ce tiramol shi kansa yana kawo jijjiga ko ga mai lafiya. Da taimakonsu na bari. Yau wata 14 ban faɗi ba. Na bar tuƙi, ina sayar da kayan miya.

Malam na Tsangaya

Maman Auta, ki gaishe da Hajiya, ki kuma karanta mata wannan. Ya tabbata a hadisin Ibn Abbas cewa wata mata ta zo wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya har jikinta yana yayewa. Ya ba ta zaɓi: ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ko ya roƙa mata lafiya. Ta zaɓi haƙuri, ta nemi ya roƙa mata kada ta riƙa yayewa, ya roƙa. Bai kore ta ba, bai ce a guje ta ba, Aljanna ya yi mata bushara da ita. Kuma shi ne ya umarce mu da neman magani. Ina yi wa almajiraina biyu masu wannan lalura tofi, kuma ni nake riƙe da ƙwayarsu ina miƙa musu bayan asuba da bayan isha'i. Ban san wata aya ko addu'a da ƙwaya ke hana ta aiki ba. Duk wanda ya ce sai an ajiye na likita, a tambaye shi daga ina ya samo wannan sharaɗi.

Maman Auta

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da daddare na ba maigida wayar ya karanta da kansa, da ya zo kan saƙon Babban Yaya ya daɗe bai ce komai ba. Da safe shi ya sami Hajiya, ya karanta mata na Malam. Ta ce ita ba ta san ana mutuwa don an bar ƙwaya ba, ta yi ta salati. Mun tsaya a kan za ta ci gaba da yi masa tofi da ba shi zuma, turaren kuma an ajiye tunda ba mu san abin da ke ciki ba. Jarkar tana nan a kicin ba a buɗe ba. Ranar Talata muke da ganin likita, kuma Hajiya ta ce da ita za a je, tana son ta ji daga bakinsa. Malama 'Yar Zariya, na sayi littafin. Banda rana da awa da barci, me kuma kike rubutawa?

Malama 'Yar Zariya

Ki sa ko ya sha magani a kan lokaci, ko yana da zazzaɓi, da minti nawa abin ya ɗauka. In da hali wani ya ɗauki bidiyo a waya ki nuna wa likita ranar Talatar, ya fi duk bayanin da za ki yi da baki.